Akuyata da Ta Zama Kyamara

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga ɗiyata Saratu, Autata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin isa Sakkwato lafiya, kin sami wurin ajiye kayanki, kin fara sabawa da ruwansu da zafinsu. Allah Ya tsare mini ke, Ya tsare hanyar da kinka bi da wadda za ki biyo in za ki dawo. Babanki yana sa miki albarka.

Ba labarin gida za ni ba ki ba, wannan kina jin shi a waya. Ranar da kinka shigo da takardar makaranta kinka ce aikin ɗaukar hoton ƙashi na asibiti za ki koya, kin ga na yi dariya har na riƙe ciki. Kinka tambaye ni mi ya faru, na ce ba komi. To, akwai komi. Kin tashi kin iske ana ce mini Hajara mai hoto, amma ba ki taɓa ganina da kyamara a hannu ba, don kafin ki yi wayo waya ta riga ta kashe mana sana'a. Na ga ya kamata ki ji yadda na shiga aikin da irin ɓarnar da na yi a cikinsa, tun da ke ma ga shi kin nufi ɗaukar mutane. A baki ba za ni iya ba, kunya za ta hana ni.

Ina aji shida a firamare a Isa anka kawo mai hoto, don takardar gama makaranta. Akwati ne na katako bisa ƙafafu ukku, da baƙin ƙyalle a baya. Sai ya cusa kansa cikin ƙyallen, ya daɗe, ya fito ya ce kada a motsa. Ni duk ba hoton ne ya dame ni ba, abin da yake gani a cikin ƙyallen nan nake son sani. Da ya tafi alwala na lallaɓa na cusa nawa kan. Auta, sai ga hedimasta yana tafiya a kan wani ɗan gilashi, ƙafafu sama, kai ƙasa, da bishiyar darbejiya ita ma a kife. Na yi ihu. Ihun ya jawo mini ranƙwashi biyu, ɗaya daga mai hoto, ɗaya daga malamin ajinmu. Har yau ban san dalilin da ya sa mutum ke kifewa a cikin akwatin nan ba. In malamanku sun sani, ki tambayo mini. Ki tambayo mini kuma yadda naku injin yake tsallake fata da nama ya kamo ƙashi, don abin yana hana ni sukuni.

Bayan an kawo ni Sabon Birni gidan babanki, na haifi yayanki Bello, wata rana Kulu dillaliya ta shigo da ƙunshinta. Tana baje zannuwa da kwanoni sai ga wata baƙar aba mai igiya ta gangaro.

Na ce, "Kulu, mi ne wannan?"

Ta ce, "Kyamara ce, ta wani malamin gona da anka yi wa canjin wurin aiki. Daga Maraɗi ya sawo ta, lafiyarta lau."

Na ce, "Kin iya ta?"

Ta ce, "Ina ni ina iyawa? Ai ke ce 'yar boko, ke za ki nuna mana."

Wannan kalma ta 'yar boko ita ta kashe ni. Ina da tambayoyi cike da baki, amma ga makwabta biyu zaune suna kallona, sai na ji kunyar a ce ban sani ba. Na juya ta, na latsa, ta yi ƙas. Na gyaɗa kai kamar wadda ta san aikin. Washegari na sa anka kai jar akuyata kasuwa, wadda Inna ta ba ni lokacin aure, na karɓi kyamara.

Babanki ya dawo daga makarantar Islamiyya ya iske ni ina leƙen kaji ta cikinta. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Mi za ki yi da wanga abu?"

Na ce, "Malam, mata na biki da suna a cikin gida, mai hoto namiji ba ya shiga. In ni ce, za ni shiga."

Ya ce ba ya hana ni, amma da sharaɗi biyu. Kada in ɗauki kowa sai da yardarsa. Kuma in tuna maza ne ke wanke hoto, don haka duk abin da bai kamata namiji ya gani ba kada ya shiga kyamarata. Na ce na ji.

Aikina na farko sunan gidan Asabe makwabciyarmu ne. Na sa anka sawo mini fim mai ɗaukar hoto talatin da shida, na yi ta fama har na cusa shi yadda na ga ya zauna. Mata sunka ci ado, wasu har sun koma gida sun sake zane don sun ji za a yi hoto. Na yi ta latsawa ina ba da umarni, ke matso, ke ɗaga kai. Na ba wani direba mai zuwa Gusau fim ɗin, don can ake wankewa. Bayan mako guda ya kawo mini ambulan marar nauyi. Na buɗe, babu hoto ko ɗaya, sai dogon fim fayau kamar ba a taɓa shi ba. Mai wankin ya aiko da saƙo cewa idon kyamarar ba ya buɗewa, tsatsa ta kama shi. Ƙara kawai take yi.

Gida gida na bi ina ba da haƙuri. Asabe ta dube ni ta ce, "To, Hajara, yanzu mu mai da jaririn ciki mu sake suna?" Mata sunka fashe da dariya. An fi shekara ana yi mini waƙar abin a bakin rijiya.

Auta, da na ce wa Kulu ban sani ba, a ba ni kwana biyu in nuna wa wanda ya sani, da akuyata ba ta tafi a banza ba. Za a sa ki gaban injin da ba ki taɓa gani ba, ga 'yan aji da za su riƙa gyaɗa kai kamar a ɗakinsu anka ƙera shi. Rabinsu ba su gane ba, kamar yadda ban gane ba. Ki ɗaga hannu ki ce, Malam, a maimaita. In sun yi dariya su yi. Ni hoto na ɓata, ke kuwa jikin mutum ne za a kwantar a gabanki.

Ban daddara ba. Da na je ganin gida, yayana Garba, kawunki, ya ga yadda abin ke cina, ya kai ni wurin Alhaji Ummaru mai hoto a Isa. Tsoho ne, idonsa ya fara rauni, yana son rabuwa da ɗaya daga cikin kyamarorinsa. Na ba shi labarin wadda na saya. Bai yi dariya ba. Ya ɗauko tasa, babu fim a ciki, ya buɗe bayanta, ya ɗaga ta sama ya ce in sa ido. Ya latsa, na ga haske ya ƙifta ya ɓace.

Ya ce, "Kin gani? Wannan ƙiftawar ita ce hoton. In babu ita, ƙarfe kinka saya."

Ya nuna mini yadda ake duba gilashin gaba, in an ga wani abu kamar yanar gizo-gizo a ciki, damina ta riga ta ci shi. Ya nuna mini wurin batir, in akwai koren tsatsa a bar ta. Ya sa na shinshina cikinta, wai wadda ta kwana cikin laima tana warin tsohon rumbu. Ya koya mini yadda ake saƙala bakin fim a haƙora, a murɗa, a ga ɗaya gefen yana juyawa. Sannan ya ce in tafi da ita in gwada fim guda a kan awaki da yara, in hoto ya fito mu yi ciniki, in bai fito ba in mayar masa da abinsa.

Da za mu tashi ya riƙe igiyar ya ce, "Abu ɗaya, ɗiyata. In da fim a ciki, ko wa ya ce ki buɗe bayanta, kada ki buɗe. Haske ne ke yin hoto, shi ne kuma ke kashe shi."

Na san za ki sayi kayan hannu a can, littattafai ne, waya ce, ko risho. Ba abin kunya ba ne, wannan kyamarar ta Alhaji Ummaru ta yi mini aiki har Bello ya shiga sakandare. Ki dai tambayi mai abu dalilin da ya sa yake rabuwa da shi, ki duba fuskarsa lokacin da yake amsawa. Wanda ya ce je ki gwada, saya a wurinsa. Wanda ya ce yanzu-yanzu, akwai mai jira, ki bar wa mai jiran.

Yanzu za ni faɗa miki abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai babanki. Kin sha tambayata mi ya sa babu hoton kakarki a gidan mai hoto. Nakan ce ba ta son hoto. Gaskiya ne, amma ba duka ke nan ba.

Inna ta koma Bafarawa wurin 'yan'uwanta bayan rasuwar kakanki. Duk lokacin da na je da kyamara sai ta juya baya ta ce, "Mi za a yi da fuskata a takarda? Wanda ya san ni ya san ni." Wata shekara bayan girbi na je da Bello, yana ɗan shekara huɗu. Ya manne mata, ba ya cin tuwo sai daga hannunta. Ranar da za mu dawo, ba tare da na roƙa ba, ta shiga ɗaki ta ɗauro baƙin zanenta na saƙi, ta zauna a gindin rumbu, ta ce, "Zo ki yi abin naki, don wanga yaro ya san ya yi kaka. Sau ɗaya ne fa."

Na ɗauke ta sau ukku. Na farko ta ɗaure fuska kamar mai jiran allura. Na biyu ta rufe ido. Ana cikin haka zakara ya faɗa cikin ƙwaryar geron da ke gefenta, ta kai masa duka tana dariya, na latsa na ukku. Na san na samu. Tun daga Bafarawa har Sabon Birni ina rungume da kyamarar a kan mashin kamar jinjiri.

Saura hoto goma fim ya cika, kuma babu biki sai bayan mako biyu. Ban iya jira ba. Bayan la'asar na shiga ɗaki na tura ƙofa. Zuciyata ta ce mini ai ɗaki da duhu-duhu, ɗan leƙe kaɗan ba za shi yi komi ba, in dai ga ko Inna ta kama. Maganar Alhaji Ummaru tana kunnena sarai, ban manta ba. Na buɗe kamar faɗin yatsa. Babu abin da na gani sai fim launin toka, babu Inna, babu rumbu. Na rufe da sauri.

Da anka wanko, hotunan farkon fim duk sun fito, don sun naɗe can ciki haske bai kai musu ba. Ga awakin makwabta, ga Bello yana kuka. Na Inna, da yake su ne na baya-bayan nan, su ne a sama. Biyu sun ƙone fari fat. Na ukkun ja ne kamar wuta, ba a ganin komi sai hannunta ɗaya a sama da gefen ƙwarya.

Da damina na koma na ce mata mai wanki ne ya ɓata. Ta ce, "Allah Ya shirye shi. Ai na ce miki sau ɗaya ne." Na yi ta magiya, ta ce to, in an yi girbi. Ba ta ga girbin ba.

Abu biyu nake so ki ɗauka a nan. Son sanin nan da ke cikina yana cikinki, na gan shi tun kina kwance rediyon babanki da cokali. Kada ki bari kowa ya kashe miki shi. Amma in wanda ya fi ki sanin aiki ya ce kada a taɓa nan, ki tambaye shi dalili da baki, kada ki tambayi injin da hannu. Na biyu kuwa, in kin yi ɓarna ki ce ni ce. Ƙonewar hoton na iya haƙura da ita. Abin da ke tashe mini har yau shi ne Inna ta koma ga Allah tana jin haushin wani bawan Allah a Gusau da bai yi mata komi ba, ni kuwa ina zaune gabanta ina gyaɗa kai.

Kuskure na gaba ya fi wannan nauyi, don wata ce ta biya, ba ni ba. A lokacin na yi suna, har Kurawa ake aiko mini. A wani biki nan unguwarmu, mata zalla a tsakar gida, Larai matar mai gyaran keke ta shiga rawa, ɗankwalinta ya faɗi, tana dariya da dukan fuskarta, rana ta haske mata kitso. Ban taɓa ganin abu mai kyau haka ta cikin kyamara ba. Yatsana ya riga tunanina. Ban tambaye ta ba, ban kuma faɗa mata bayan na yi ba. Sharuɗɗan babanki biyu na karya a latsawa ɗaya.

Hoton ya yi kyau har mai wankin ya ƙara masa girma, ya sa a gilashin ƙofar shagonsa don jawo masu ciniki. Ƙanen mijin Larai ya je Gusau sayen kayan keke ya gani. Kafin kwana biyu Larai tana gidan iyayenta, mijin yana cewa ita ta je ta tsaya wa maza.

Babanki bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Hajara, wa ya ɗauka?" Na ce ni ce. Ya ce, "Ta sani?" Na ce a'a. Ya ce, "To, sa mayafinki." Munka je gaban mijin da yayyensa, na faɗi abin da na yi da bakina. Washegari kawunki Garba ya raka ni Gusau, na sa anka cire hoton daga gilashi, na karɓo shi da fim ɗinsa. Sai da dattawa sunka yi ta kai da kawowa kafin Larai ta dawo ɗakinta.

Na kai mata hoton har ɗaki. Ta riƙe shi ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ashe haka nake in ina dariya." Sannan ta tashi ta cusa shi cikin murhu da hannunta. Ta ce ta yafe, kuma na yarda ta yafe. Amma har sunka tashi daga unguwar, in na shiga wuri tana ciki sai ta gyara ɗankwali.

Ke za ki ga abin da ya fi kitso. Mata za su kwance zane a gabanki, dattawa za su tuɓe riga, za ki ga ciwon mutum kafin shi ya sani. Duk amana ce. Kada wayarki ta fito a ɗakin aiki. Kada ki ba ƙawa labarin marar lafiya, ko da kin ɓoye suna, don ƙasar nan tamu ƙarama ce, ana gane mutum da tafiyarsa. Ko ni na tambaye ki, kin san halina da tambaya, ki ce Inna, wannan ba naki ba ne.

Saura magana ɗaya, ita kuma aike ce. Da fim ya daina samuwa na ajiye kyamara, amma ban zubar da wankakkun finafinan ba, suna cikin tsohon akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. Kwana biyu bayan tafiyarki wata mata ta yi sallama, sunanta Hauwa'u. Daga wani ƙauye suke bayan Kurawa, suna cikin waɗanda zaman daji ya gagara sunka dawo gari da kayan jikinsu kawai. Ta ce na taɓa zuwa sunan ɗanta na fari, kuma ranar maigidanta ya shigo cikin gida ya ɗauki jaririn na yi musu hoto. Maigidan ya rasu bara a hanyar gona. Hoton yana cikin abin da sunka bari a baya. Ta ce, "Na ji an ce ba ki zubar da komi. Ƙananan yaran sun fara tambayata kamanninsa, ni kuwa in na rufe ido sai in ga fuskar tana gudu."

Munka fito da akwatin tsakar gida. Tun hantsi muna ɗaga finafinai sama ɗaya bayan ɗaya, har anka kira azahar. Ba a rubuce suke ba, wannan ma sakacina ne. Kuma a irin wannan fim komi a juye yake, baƙar fuska fara, farar riga baƙa, ni kaina ba na gane kowa. Na fara tunanin yadda za ni ba ta haƙuri, sai ta riƙe mini hannu.

Ta ce, "Tsaya. Ga shi nan."

Na ce, "Ta ina kinka gane?"

Ta ce, "Haka yake karkata hula."

Ba ta yi kuka ba. Ta zauna a kan tabarma tana kallon ɗan abin nan da bai kai faɗin yatsu biyu ba, har inuwa ta bar mu.

Guntun fim ɗin ne a cikin farar takardar da na naɗe a ƙarshen wasiƙar nan. Ki riƙe shi ta gefe, kada yatsa ya hau tsakiya, kada ya ji ruwa ko zafi. In kin sami ranar da babu karatu, ki bi shagunan hoto na Sakkwato ki tambayi tsofaffin cikinsu, an ce akwai masu iya fitar da irinsa da inji. A jerin hotunan da ke jikin fim ɗin, na biyu daga hagu ne, mai hula. A yi guda biyu, ɗaya babba yadda yara za su ga ido da hanci. Hauwa'u takan leƙo kowace Juma'a. Ba ta tambaya, gaisuwa kawai take yi ta tafi.

Ki kula da sallarki, ki ci abinci kafin ki shiga aji. In za ki zo gida ki fara kira, babanki ya ji yadda hanya take, kuma ki shigo motar safe. Allah Ya buɗe miki ƙwaƙwalwa, Ya haɗa ki da malamai masu haƙuri da abokai na gari. Allah Ya tsare ki daga sharrin hanya da na mutane, Ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga marasa lafiya, Ya kawo wa ƙasarmu zaman lafiya, Ya dawo mini da ke lafiya. Amin.

Ni ce mahaifiyarki,
Hajara
Sabon Birni